Wayar Gwaggo Mai Muryoyi

Shekarun baya, lokacin ina goyon ɗiyata ta biyu, ni ce mai gyaran wayar matan unguwarmu a Ƙanƙara. To, gyara dai a baki, don har lokacin ban taɓa kwance waya ba. Yayana ne mai sana'ar, yana da rumfa a bakin kasuwa. Kafin in yi aure yakan taho da ragowar aiki gida, ni kuwa in zauna in zuba mashi ido, a nan na tsinci ɗan abin da na tsinta: in tura karatu ko waƙa daga wannan waya zuwa waccan ta bulutut, in kwashe hotuna in zuba a memori, in goge abin da ya cushe waya. Iyakar ilimin ke nan, amma yadda nake ɗaga kai sai ku rantse ni na ƙera wayar. Mata kuwa sun fi son su kawo mani, saboda ba wadda ke son wayarta mai hotunanta ba lulluɓi ta wuni a hannun samarin kasuwa.

Cikin masu kawo mani waya babu kamar Gwaggo, yayar mahaifina. Ita ce babbar da ta rage a zuriyarmu, ga mu kuma a warwatse, wasu a Ketare, wasu a Ruwan Godiya ta wajen Faskari, wasu can Damari a ƙasar Sabuwa. Ko haihuwa aka yi, ko rasuwa, ko an sa ranar biki, Gwaggo ake fara faɗa mawa, ita kuma ta rarraba wa kowa. Ba wanda ya ɗora mata aikin, haka muka tashi muka gani. Da ƙafa take yi a da, ta hau motar kasuwa ta je da kanta. Da gwiwa ta ƙi, sai waya ta maye gurbin mota.

Wayar tata irin mai madannai ce, ta kamfanin nan da a lokacin kowa ya yarda da shi. In ta faɗi ƙasa ta rabu uku, ka tsince ka haɗa ta ci gaba da aiki. Sai dai Gwaggo ba ta karanta boko, idon ma ya fara yin rauni, don haka ni na tsara mata yadda za ta bi da ita. A wani biki da aka yi a Ruwan Godiya na bi dangi ɗaya bayan ɗaya da wayar, kowa ya yi sallama ya faɗi ko shi wane ne, na ɗauki muryarshi na sa ta zama ƙarar kiranshi. In waya ta yi ƙara, muryar mai kiran ce ke tashi tana yi wa Gwaggo sallama. Wajen kira kuma na sa wa kowane suna lamba a gaba don kada jerin ya rikice, sai ta riƙa ƙirga dannawa. In ta danna ƙasa sau ɗaya, babban ɗanta ne da ke aiki a Kaduna. Sau huɗu, ƙanenta ne, Baffanmu na Damari. Sau biyar, matarshi. Mutum kusan talatin ta haddace a haka, tana bin su da babban yatsa kamar tana jan carbi. Ranar Juma'a kuwa sai ta bi kowa ta gaishe shi.

Ana nan, wata safiya wayar ta zame daga haɓar zanenta ta faɗa cikin bokitin ƙullun koko. Aka ciro ta, aka cire batir, aka shanya ta a rana. Ta tashi, amma sikirin ya yi fari fat, madannin ƙasa kuma ya mutu. In an kira ta tana ji tana ɗauka, ita ce dai ba ta iya kira. Yayana ya duba ya ce kayan irin wannan sun daina zuwa, a haƙura a sayi wata.

Gwaggo ta sa aka kira mata ɗanta na Kaduna, ta ja mashi kunne: wannan kamfanin dai, kada ya kuskura ya sawo mata wani. Shi kuwa bawan Allah ya je ya zaɓo wadda ta fi kowace tsada a kantin, ya ba direba ya kawo. Da na buɗe kwalin sai na ga abu shafal, gilashi tun daga sama har ƙasa. Amma ga sunan kamfanin nan a rubuce, shi ɗin dai da muka sani. Ai sai na gyara zama. Na ce wa Gwaggo ta kwantar da hankalinta, tsakanin azahar da la'asar zan kwashe mata mutanenta kaf in zuba a sabuwar. Tsohuwar ai na san hanyar cikinta a ka, ko sikirin ba ya nuna komai sai in lallaba da madannin sama.

Na ce bari in fara gwaji da tawa wayar. Na kunna bulutut, na tura ɗan karatu. Wayoyin suka ga juna sarai, amma sabuwar ta ƙi karɓa. Na sake, ta ƙi. Na kashe na kunna, na matso da su har suna gogar juna, wai ko nisa ne. Na ce to bari in bi ta memori. Na juya wayar nan ta kowace fuska ina neman inda ake buɗe bayanta, har da sa bakin wuƙa, Allah dai Ya tsare ban fasa wa mutane kaya ba. Ashe ba a buɗe ta, ba ta da ma wurin memori. La'asar ta yi, magariba ta gabato, ina zaune gumi har cikin ido, Gwaggo na tambayata ko mutanen nata sun ƙi shiga ne.

Washegari na aika wa yayana ya zo. Ya yi dariyarshi mai isarshi, sannan ya yi mani bayani. Ashe kamfanin ya yi watsi da manhajar da wayoyinshi suka saba aiki da ita, ya ɗauko ta wani kamfanin kwamfuta ya ɗora wa sababbin. Suna ne kawai ɗaya, cikin ya zama wani abu daban. Ya ce a rumfunansu kullum sai an yi musu a kai har a kusa dambe. Wasu na cewa tsohuwar manhajar ta tsufa, dole a canza ko a bar kamfanin a baya. Wasu na cewa cin amana ne, mutane sun riƙe ka shekara da shekaru ka wayi gari ka juya masu baya. Ni dai ba musun ne ya dame ni ba. Na tambaye shi muryoyin fa? Ya ce ko an sha wahala an bi ta kwamfuta an shigar da su, da me Gwaggo za ta ƙirga mutanenta, tunda gilashi ba ya da abin dannawa? Ya sa wani ƙarfe ya datse layin Gwaggo ya zama ɗan ƙarami, don sabuwar ba ta cin babba, ya zuba mata lambobin, ya tafi.

A nan na yi wautar da har yau nake cizon yatsa in na tuna. Ranar ya kamata in kwashe muryoyin nan in ajiye a tawa wayar, tun sauran madannan tsohuwar na aiki. Kunya da haushi suka sa na tura ta cikin kwallar Gwaggo na rufe, ban ƙara bi ta kanta ba.

Gwaggo ta yi ƙoƙari, wallahi ta yi. Amma hannun da ya shekara sittin yana surfe da wanki, in ta shafa gilashin nan ko gezau ba ya yi. In kuma ya ji, sai ya kai ta inda ba ta nufa ba. Kowa ya kira ƙara iri ɗaya ce, wani kiɗa marar kan gado. Dole sai ta ƙwala wa surukarta kira, matar ƙaramin ɗanta da suke gida ɗaya, ta zo ta ɗauka mata, ta faɗa mata ko wane ne. In ita ke son kira, sai ta jira yarinyar ta gama abin da take yi. Yarinyar ba ta da laifi, mai haƙuri ce, amma tana tsaye a kanta har a gama don ta kashe mata. Matar da dangi ke kai wa maganar da ba su son kowa ya ji, ta koma ba ta iya cewa komai sai gaisuwa. Kiran Juma'a ya ragu, ya ragu, har ya tsaya.

Sai ga ranar da matar Baffa ta rasu a Damari, Allah Ya jiƙanta. Da hantsi ne. Suka kira Gwaggo kamar yadda aka saba, surukar ta tafi awo asibiti, ɗan yana gona. Gwaggo ta ce mani wayar ta yi ta kuka tana shafa ta, ta katse, ta sake, tana shafawa, har ta gaji ta kife ta. Can Damari hankali a tashe, wani ya ce ai an kira Gwaggo, kowa ya ɗauka saƙo ya isa. Mu na Ƙanƙara sai bayan azahar muka ji. Mutanen Ruwan Godiya kuwa, inda 'yan uwan mamaciyar suke, ba su ji ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Mazansu ba su samu jana'izar 'yar uwarsu ba, abin ya yi masu ciwo ƙwarai.

Muka ɗauki Gwaggo a mota muka je gaisuwa. A wurin zaman makokin ne wata ta ce, ba da mugun nufi ba, ai Gwaggo ta tsufa, ya kamata a daina dogara da ita a nemi wani cikin yara ya riƙa sanar da mutane. Ta ɗauka tsohuwar ba ta ji. Ina kusa da ita, na ga yadda ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

Da muka dawo ta naɗe sabuwar wayar a tsumma ta miƙo mani.

"Ki mayar wa wanda ya sawo da abinshi, ki ce na gode," in ji ta. "Da ƙafa ta ƙi, na ce ba komai, ina da baki. Yanzu bakin ma sai an ara mani. Ku nemi wanda za ku riƙa faɗa mawa."

Ban taɓa jin Gwaggo ta yi magana a karye haka ba, kuma na san da hannuna a ciki, ni da na cika baki. Ranar na ɗauko tsohuwar wayar daga kwalla. Tana kunnuwa, amma ƙullun da ya bushe a ciki ya gama da sauran madannan, ba ɗaya da ke motsi.

Na koma wa yayana. Ya ce ya tambaya a Funtua, ya sa an duba mashi a Kano, babu. Sai dai in za a samu matacciya irinta a ciri kaya. Yana faɗin haka sai na ji wani abu ya faɗo mani. Namiji in wayarshi ta mutu yakan bar wa mai gyara ko ya yar. Mace kuwa ba ta yar da waya. Tana nan cikin kwalla, ko ƙasan akwati, ko bayan jeren kwanuka, wai ko wata rana. Ni na sani, don ni ma ina da biyu.

Sai na bi matan da nake yi wa aiki. Na ce duk mai 'yar uwa da ke aure a Faskari ko Sabuwa ko ƙauyukan kusa ta aika mata, ana neman matacciyar waya mai kama kaza da kaza, don Gwaggo. Sunan Gwaggo ne ya yi aikin, don da wuya ka samu gidan da ba ta taɓa kai wa albishir ko ta'aziyya ba. Lokacin hanya lafiya lau, motocin kasuwa na kai da komo. Kaya suka fara isowa a hannun direbobi, wata a ƙulle a leda, wata a cikin ƙullin kuka, wata na warin daddawa har sai da na shanya ta. Wata baiwar Allah daga Ketare rimot ɗin bidiyo ta aiko, ta ce ita dai ta ga yana da madannai. Cikin mako uku na cika faranti da gawarwakin waya, uku daga ciki irin ta Gwaggo sak.

Na kwashe su na ce wa yayana bismilla. Sai ya ja da baya. Ya ce shi ba ya taɓa wayar Gwaggo, injin da ya sha ƙullu ana buɗe shi yana iya mutuwa gaba ɗaya, muryoyin kuma a cikinshi suke. In abin ya lalace a hannunshi, da wane ido zai kalle ta? Ga shi cikin muryoyin har da ta marigayiya, wadda ba a sake ɗauka. Na ce to ni zan yi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ga ba wasa nake ba, sai ya ba ni 'yan sukurdirebobinshi da ɗan hantsaki da kwalbar sifirit. Ya ce in yi ta kwance matattun ina mayarwa har sai hannuna ya saba. Kwana biyar ina yi. Na farko da na haɗa sai ga noti biyu sun rage a faranti, maigidana ya tambaye ni ko riba na ci.

Na kira ɗan Gwaggo na Kaduna na faɗa mashi abin da nake shirin yi. Bai ji daɗi ba. Ya ce duniya na gaba ni ina mayar da mahaifiyarshi baya, me mutane za su ce in sun ga uwarshi da wayar da aka yi wa faci. Na ce, Yaya, ka yi haƙuri, taka tana nan ba abin da ya same ta, amma wata biyu ke nan Gwaggo ba ta kira ka da hannunta ba. Ya ce in yi abin da na ga dama.

Ranar aikin da safe na je, na goya ɗiyata ta yi barci. Na shimfiɗa farin ƙyalle a kan faifai don kada noti ya ɓace. Gwaggo ta zauna gabana ta ƙura wa hannuna ido, ko tari ba ta yi. Na kwance wayar, sai ga ƙullu ya bushe a kan injin ya yi fari. Na tsoma tsohon buroshin haƙori a sifirit na bi shi a hankali, ina yi ina salati. Na ciro sikirin daga wadda ta zo daga Damari, na ɗauki shimfiɗar madannai daga ta Ruwan Godiya, batir kuma na ta nan cikin gari ne ya fi ƙarfi. Layin da aka datse, Allah Ya sa yayana ya ajiye ɓawon, na mayar da shi ciki na liƙe da ɗan salatif. Na ɗaure noti, na danna.

Shiru. Ko haske babu.

Na ce shi ke nan, na kashe wa tsohuwa mutanenta. Na share hannuna a zane, na sake kwancewa. Ina dubawa sai na ga ɗan siririn igiyar sikirin bai zauna a mazauninshi ba, tsoro ya hana ni danna shi sosai. Na sa farce na danna har na ji ɗan ƙas. Na mayar da komai, na yi bismilla na sake kunnawa. Wayar ta yi zir a tafin hannuna, haske ya kawo, ga sunaye nan a jere da lambobinsu, ba wanda ya ɓace.

Na miƙa mata. Ta juya ta a hannu, babban yatsanta ya lalubo wurinshi. Ina jin tana ƙirgawa a hankali, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta danna, ta kai kunne. Daga inda nake na jiyo muryar Baffa yana amsa sallama, yana tambaya wa ya kira mata. Ta ce ba kowa, ita ce. Sannan ta sauke wayar kaɗan ta dube ni.

"Ke, tashi ki ba ni wuri, magana za ni yi da ƙanena."

Na kwashe faifaina na fito tsakar gida. Na tsaya jikin randa ina dariya hawaye na zuba, surukarta na tambayata lafiya. Ranar har la'asar ba wanda ya shiga ɗakin nan. Ta bi mutanen Ruwan Godiya ɗaya bayan ɗaya ta ba su haƙuri da bakinta. Washegari na tambaye ta ko in cire lamba ta biyar, tunda mai ita ba ta. Ta ce in bar ta, in na cire kowa sai ya gusa daga wurinshi, ita ta san yadda za ta tsallake.

Da Sallah ɗanta ya zo, ya zauna ya ga yadda take bin dangi da yatsa ba mai taya ta. Ya dai sa sabuwar wayar da ya sawo mata a aljihu ya koma da ita. Bayan 'yan shekaru yayana ya ba ni labari wai sabuwar manhajar ma ba ta kai labari ba, an daina yin ta. Ba zan ɓoye maku ba, na ɗan murmusa. Wayar Gwaggo kuwa sau biyu na sake buɗe ta, da kayan sauran gawarwakin, tana hannunta har Allah Ya karɓi abinShi. Har ta koma ga Mahaliccinta ita ake fara faɗa wa komai.

Ba wai ina gaba da sabon abu ba ne, wannan rubutun ma da mai gilashin nake yin shi. Waɗanda suka zauna can wata ƙasa suka yanke shawarar canza cikin wayarsu, wataƙila suna da hujjarsu, ba su dai san akwai wata tsohuwa a Ƙanƙara da ke ƙirga danginta da yatsa ba. Ni da na san ta ma ai sunan da ke jikin kwali na duba na cika baki. Tun daga lokacin, duk wadda ta kawo mani waya sai na ce ta fara nuna mani yadda take riƙe ta kafin in taɓa komai.

Yanzu gyaran nake yi na gaske, a ɗakina, da kayan aikina. Na gyara wayoyin da suka fi ta Gwaggo wuya nesa ba kusa ba, an yi mani godiya, an sa mani albarka. Amma in kuka tambaye ni ranar da na fi jin ni wata ce a wannan sana'a, ita ce ranar da tsohuwar nan ta kore ni daga ɗakinta don ba ta da sauran buƙatata.